Idan Wuta ta Mutu Gaba Ɗaya: Da Gaske Mu Mun Saba?

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Legas da na Ibadan da na Fatakwal da na Onica da duk inda neman halali ya kai mu, ina yi muku fatan alheri. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, littafi ne ya riƙe ni, kuma a kansa nake so mu ɗan tattauna yau, domin ya jawo mini musu da wani abokina wanda har yanzu ba mu gama ba.

A Ojuelegba na tsinci littafin, wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi. Bangonsa ya yage, wani ma ya yi lissafin kuɗi da biro a shafin ƙarshe. Sunansa Dies the Fire, wato kamar ka ce wuta ta mutu. Wani marubuci mazaunin Amurka mai suna S. M. Stirling ne ya rubuta shi, aka buga a 2004. Ni dai kun sani ba wani dogon boko na yi ba, sakandare na gama na dawo rumfar albasar Babanmu a Mile 12, don haka da ƙamus ɗin waya a gefe na karanta shi, galibi da asuba muna jiran motar kaya ta iso. Sai daga baya na gane ashe shi ne na farko a jerin littattafai har 15. Na biyu The Protector's War ya fito a 2005, na uku A Meeting at Corvallis a 2006, aka yi ta tafiya har na ƙarshe, The Sky-Blue Wolves, a 2018. Ana kiran jerin gaba ɗaya Emberverse, daga kalmar Turanci mai nufin garwashi.

Labarin ƙagagge ne, ga kuma yadda ya fara. Ranar 17 ga Maris 1998, da ƙarfe 6:15 na yamma agogon yammacin Amurka, wani farin haske ya gilma a idon kowa tare da wani zafi a ka na ɗan ƙiftawar ido. Daga wannan lokaci lantarki ya daina aiki a duk duniya. Ba irin ɗauke wutar da muka sani ba, wadda za ka ja janareta ka ci gaba da harkarka. Batir ya mutu, janareta ya mutu, mota da babur da jirgi duk sun tsaya inda suke. Albarushi ya daina fashewa, sai dai ya riƙa ci a hankali, don haka bindiga ta zama sanda. Ko injin tururi irin na tsohon jirgin ƙasa ya ƙi motsi. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne keke da doki da ƙarfin ruwa da na iska, sai kuma damtsensa.

Marubucin bai ɓoye abin da ya biyo baya ba. Jiragen sama suka faɗo kan garuruwa, gobara ta tashi babu motar kashe ta, famfo ya ƙafe tunda inji ne ke tura ruwan. Abincin kantuna ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Mutanen birni suka fito da ƙafa suka bazu cikin karkara kamar fara, suka cinye dabbobi, suka cinye har irin da za a shuka. Annoba ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira, wasu kuma, wa'iyazu billahi, suka koma cin naman mutane. A lissafin littafin, fiye da tara cikin kowane mutum goma sun mutu kafin abubuwa su lafa.

To, da na ba abokina wannan labari, wanda sana'ar POS yake yi kusa da rumfarmu, sai ya bushe da dariya ya ce, “Kai dai ka cika wahalar da kanka. Wannan ai matsalar Turawa ce. Mu da muka saba kwana bakwai babu wuta? Ranar da abin nan zai faru, mu ko a jikinmu.” Mutanen da ke wurin duk suka goyi bayansa, kuma na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu haka za su ce. Ni kuwa ra'ayina shi ne wannan magana daɗin baki ce kawai, kuma mu mazauna Kurmi mu ne ya fi kamata mu san haka. Amma bari in fara gabatar muku da mutane uku da littafin ya ginu a kansu, domin a cikinsu hujjata take.

Na farko Mike Havel, tsohon sojan Amurka da ya koma tuƙin ƙaramin jirgin haya. Yana ɗauke da iyalin wani attajiri mai suna Larsson a saman duwatsun jihar Idaho abin ya faru, jirgin ya faɗo, Allah Ya yi da sauran kwanansu. A hanyar fita daga dajin ya yi karo da wasu 'yan ta'adda masu ƙin baƙar fata sun kama wani Baƙar Amurka mai suna Will Hutton da iyalinsa. Havel ya cece su. Ashe Hutton gwanin horar da dawaki ne, ya kuma san aikin ƙira. A duniyar da mota ta mutu, wannan mutum da aka ɗaure don launin fatarsa sai ya zama ginshiƙin ƙungiyar. Suka yi ta tafiya suna ɗaukar duk mai amfani da mai son aiki, har suka zama runduna da ake kira Bearkillers, saboda wani beyar da Havel ya kashe da mashi.

Ta biyu Juniper Mackenzie, mawaƙiya ce mai kiɗa a gidajen shaƙatawa, tana da 'ya kurma mai suna Eilir. Tana cikin wasa a garin Corvallis na jihar Oregon wani babban jirgi ya faɗo cikin garin. Ita ba ta tsaya jiran gwamnati ta gyara ba, ta kwashi 'yarta da abokinta suka nufi wani gidan gona da ta gada a gindin duwatsu. Ƙawayenta suka same ta can da dawaki da kekunan doki da kayan noma, har da yaran makaranta da suka tsinta a hanya an bar su cikin mota. Abin da suka sa a gaba shi ne shuka. Suka yi ta shan ruwan miya tsararo suna aikin gona da yunwa a cikinsu, ga iri a ajiye amma ba mai taɓawa, har kaka ta yi. Wani tsohon sojan Ingila mai suna Sam Aylward, wanda ya iya sassaƙa baka, ya koya musu harbi don kare abin da suka noma.

Na uku shi ne mugun labarin, Norman Arminger, malamin tarihi a jami'a wanda wasan takobi irin na Turawan da shi ne abin shaƙatawarsa. Shi ya riga kowa gane cewa bindigar ɗan sanda ta mutu. Nan da nan ya tara shugabannin 'yan daban birnin Portland, ya ba su sulke da takubba da muƙaman sarauta, ya kame rumbunan alkama na tashar jiragen ruwa, ya kori mutanen da ba ya buƙata su je su mutu a waje, sauran kuma ya mai da su bayin gona da ƙarfe a wuya. Ya kira kansa Mai Kariya. Littattafai uku na farko duk a kan karon waɗannan ɓangarori suke a kwarin Willamette, kuma a ƙarshen na ukun Havel da Arminger suka yi fito-na-fito, duk biyun suka rasa rayukansu.

Yanzu mu dawo kan maganar abokina. Abin da ya kashe mutane a littafin nan ba duhu ba ne. Ba wanda ya mutu don ya rasa fanka ko talabijin. Abin da ya kashe su shi ne motar da ke kawo abinci ta daina zuwa. Mu kuwa da muke kwana a Mile 12 mun fi kowa sanin cewa Legas a kan tayar tirela take cin abinci. Albasar da muke sayarwa daga Aliero da Sakkwato take zuwa, tumatir da tattasai daga Kano da Kaduna da Filato, shanu daga ko'ina a Arewa, kuma duk a kan man gas suke tafiya. Mun ma ɗanɗana kaɗan. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu na kamar mako guda. Kwana nawa aka yi kafin kwandon tumatir ya gagari mai saye a nan, alhali a can gida yana ruɓewa a hannun manomi? Wannan fa mako guda ne, ga waya na aiki, ga shinkafa da garin rogo a kasuwa, kowa kuma ya san za a sasanta. To ina ga an ce babu ranar dawowa?

Sannan mu duba kanmu. Eh, mun saba da ɗauke wuta, amma me muke yi idan an ɗauke? Janareta muke tayarwa, ko mu kai waya wajen mai caji. Ruwan da mai garuwa ke turo mana a kura daga rijiyar burtsatse yake, ita kuma inji ke jawo ruwanta. Tuwon da muke ci injin niƙa ne ya niƙa garinsa. Ko a can gida, noman ranin da ke ba mu wannan albasa injin ban-ruwa ne ke riƙe da shi, ga takin zamani, ga maganin feshi. Wato sabon da muka yi na rashin wutar gwamnati ne, amma inji ya shiga rayuwarmu har wuya kamar kowa.

Wani zai ce to ai sai mu koma gida. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Idan mutum na cin kilomita 30 a yini, ya fi wata guda a hanya, da mata da yara, babu guzuri, ana ratsa garuruwan da su ma yunwa ta kama su. Kakanninmu fatake sun yi irin wannan tafiya zuwa Gwanja neman goro, suna shafe watanni, amma su suna da jakuna da madugu da zango-zango da aka san su a ciki. Mu fa? Ni ko lambar wayar mahaifiyata sai na duba waya nake sani.

Ranar da na ba Babanmu labarin littafin, ina tsammanin zai ce in daina ɓata lokaci. Sai ya saurara har na gama, tambayar farko da ya yi mini ita ce, “To su wa suka ɓoye iri?” Na ce masa mutanen matar nan mawaƙiya. Ya ce, “To su ne za su yi sarauta.” Can kuma ya dube ni ya ce, “Kai yanzu idan na kai ka gonar kakanka, za ka iya bambance gero da dawa suna sati biyu da tsirowa?” Na ce, “Wallahi Baba sai dai in yi canke.” Ya girgiza kai bai ƙara cewa komai ba. A Legas aka haife ni, zuwana gida sai da Sallah, kuma irina muna da yawa. Muna tinƙaho da cewa mu 'ya'yan manoma ne, amma fartanya ba ta san hannunmu ba.

Abu na biyu da littafin ya nuna, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne sana'a kaɗai ba ta isa ba sai da amana. Havel da Juniper ba su fi kowa ƙarfi ba, abin da suke da shi shi ne idan sun yi magana ana yarda, kuma suna karɓar baƙo su ba shi wuri. Wannan ma mun gan shi da idonmu a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, tiransifa kuma ta riƙa maƙalewa saboda netwok. Abokin nan nawa mai dariya, na'urarsa ta zama abin ado a wasu ranakun. Kayan gwari ba ya jiran netwok, ruɓewa yake yi. Abin da ya fitar da mu shi ne wani tsohon littafin bashi na Babanmu. Wata dattijuwa Bayarabiya da ke sarin albasa wurinmu ta zo babu ko sisi a hannunta, ya sa aka ɗora mata buhu uku. Na matsa kusa da shi na ce, “Baba, idan ba ta dawo ba fa?” Ya ce, “Tun ba a haife ka ba nake ciniki da Iya. Rubuta kawai.” Bayan kwana tara ta kawo kuɗin cif. Haka shi ma direbobi da masu kaya na can gida suka yi masa haƙuri a kan kalmarsa kawai. A waɗancan makonni, wanda ke da suna mai kyau ya yi ciniki, wanda ke da miliyoyi a asusu amma ba a yarda da shi ba ya zauna yana kallo.

Abu na uku kuma gargaɗi ne ga samari 'yan uwana masu cewa gara komai ya rushe a sake lale. Ina jin wannan magana a majalisa idan rayuwa ta yi zafi, kuma na san abin da ke sa a faɗe ta. Amma ku dubi Arminger. Ranar da doka ta kwanta, ba mai gaskiya ne ke fara tashi ba, wanda ya riga ya tara 'yan daba ne. Kuma a duk inda aka shiga yunwa da tsoro, baƙo ake fara nunawa da yatsa. Mu nan baƙi ne, ko da kuwa a nan aka yanke mana cibiya. Wanda ya ga yadda ƙaramar hatsaniya tsakanin mutum biyu ke zama ƙone rumfuna a kasuwa ba zai yi fatan ranar da babu ɗan sanda, babu waya, babu motar gudu ba. Duk lalacewar tsari, gyara shi ya fi rushewarsa sauƙi a kan talaka.

Ba wai ina cewa littafin ba shi da aibu ba. Na ɗaya, sa'a ta yi wa jarumansa yawa. A ce kana cikin daji kawai ka tsinci mutumin da ya iya sassaƙa baka a daidai lokacin da kake buƙatarsa, wannan sai a tatsuniya. Na biyu, marubucin yana da son sarakuna da takubba da kayan yaƙin da, har wani lokaci sai ka ji kamar murna yake da abin da ya faru, ya manta da ɗimbin mutanen da ya kashe a babin farko. Na uku, ita Juniper da mutanenta wani addinin gargajiya na Turawa suke bi mai suna Wicca, kuma an cika littafin da bukukuwansu, ga wasu wurare da ba su dace da yara ba. Daga littafi na huɗu, The Sunrise Lands na 2007, inda Rudi ɗan Juniper ya kama hanyar ratsa Amurka zuwa tsibirin Nantucket, labarin ya karkata ga takobin tsafi da mafarkai da aljanu, ya bar maganar noma da gina gari wadda ita ta ja ni tun farko. Don haka wanda zai karanta, shawarata ya riƙe ukun farko, ya karanta da hankalinsa, ya ɗauki abin amfani ya zubar da sauran.

Kuma ban ce gobe wani farin haske zai gilma injuna su mutu ba. Wannan ƙirƙirar marubuci ce. Amma ƙananan irinsa suna zuwa mana ba sallama. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta rikice na kwanaki. A Oktoba na shekarar kuma jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna. Duk lokacin da irin wannan ta faru, tambayoyin littafin nan ne ke dawowa: me ka iya da hannunka, kuma wa ya yarda da kai?

Saboda haka ga abin da nake ba kaina shawara, nake kuma ba ku. Kowane saurayi a cikinmu ya haɗa kasuwancinsa da wata sana'ar hannu, ko kafinta ko ɗinki ko gini ko gyaran keke, kada ya tsaya ga danna waya kaɗai. Iyaye su riƙa tura yara gida da damina, ba sai da Sallah ba, su san gona su san dangi. Mu koyi yaren mutanen da muke zaune da su, mu san maƙwabcinmu da sunansa, mu je masa barka da jaje, domin ranar tsanani shi ne kusa, ɗan uwanka na Sakkwato yana nesa. Mu riƙe alkawari a ciniki ko da za mu yi asara, domin shi ne jarin da netwok ba ya riƙewa. Sannan mu zauna da dattawanmu mu tambaye su yadda ake adana hatsi da yadda aka yi fatauci kafin waya, tun suna raye. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai na riga na gaya wa Babanmu cewa damina mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan je gida in yi wata biyu a gonar kakana. Ya yi dariya ya ce zai gani, wai hannun da ya saba da ƙirga kuɗi kwana uku zai yi ya kumbura. Abokina mai POS kuwa har yanzu yana nan kan bakansa cewa mu mun saba, amma ya karɓi aron littafin, kuma jiya na gan shi ya kai shafi na 80 yana tambayata ma'anar wata kalma. Wanda ke ganin abokina ne ke da gaskiya, ina sauraron hujjarsa.

Allah Ya tsare mu da mugun ji da mugun gani, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Wassalamu alaikum.